Ludayin Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinmu ya cika ranar Talata da hantsi, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Yau kwana tara ke nan. An naɗe tabarmi, baƙi sun watse, sai ni da biro. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Mutane sun zo, wannan ba ƙarya. Ƙauyenmu yana tsakanin Kiru da Ɗansoshiya, hanyarsa ko ɗan acaɓa sai ya yi tsaki kafin ya shige ta, amma kwana uku ƙarar babur ba ta yanke ba. Masunta sun zo daga Tiga. Fulani sun zo daga wajen Doguwa. Wani tsoho daga Tudun Wada, cicciɓo shi aka yi daga mota, ya zauna yana share hawaye da hannun riga yana cewa, "Ludayi biyu na sha a zauren nan, basir ɗin da ya hana ni zama shekara huɗu ya tafi kamar an kore shi." Na kusa da shi ya karɓe, "Ai Malam bai san bambanci ba. Mai gari ya zo, ludayi ɗaya. Kuturu ya zo, ludayi ɗaya." Aka yi ta gyaɗa kai ana Allah ya jiƙan maza.

Ni ina can bakin tabarma, wajen da ya fi kusa da hanyar bayan gida, inda na saba zama a kowane taro tun ina saurayi. Duk wanda ya zo, yayana yake fara miƙa wa hannu. "Ya haƙuri? Allah ya sa ya huta." In an zo kaina sai hannun ya yi sanyi, a taɓa yatsuna a wuce. Na san dalili. Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta iya raɗa ba. Tun daga cikin gida muryarta take ratso katanga: "Maganin yana aljihunsa! Uban da ya haife shi ya roƙe shi da bakinsa, ya hana shi!"

Gaskiya ta faɗa. Ya roƙa, na hana. Amma tunda za a tuna Baba, a tuna shi gaba ɗaya, kada a yanko inda ya fi daɗi a bar ƙashin.

Baba mai maganin ciki ne, kuma magani ɗaya gare shi. Randa ce babba a lungun zaure, baƙa wuluk saboda daɗewa, cike da jiƙon sassaƙen marke da bagaruwa da maɗaci da wasu saiwoyi biyu da bai taɓa faɗa wa kowa sunansu ba sai yayana. A bakin randar akwai ludayin duma, ya tsage a gefe an ɗinke shi da zare. Ya ce na kakansa ne. Kullum da safe shi yake fara ɗiba, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Yau ma yana nan da ransa." Sannan a fara shigowa. Mai zawo, mai atuni, mai basir, mai kumburin ciki, matar da ta haihu cikinta bai koma ba, kowa ludayi ɗaya. Ba ya tambayar tun yaushe, ba ya tambayar ina ne yake ciwo. In mutum ya fara bayani sai ya ɗaga hannu.

"Ciki ɗaya ne," in ji shi. "Na kowa tuwo yake ci."

Maganarsa ta biyu ita ce wadda na fi sani, don a kaina aka fi yin ta: "Maganina ba ya ƙarya, sai dai mai shan sa."

Kuma kada a ce na rage masa. Mutane da yawa sun sha sun warke, na gani da idona. Ba ya korar kowa. Baƙon da dare ya yi masa (to, ko rana) zai ci tuwo a gidanmu. Yana da dariya mai cika zaure, in ya yi ta har jakin maƙwabta sai ya amsa. Yana ɓare wa jikokinsa gyaɗa ɗaya bayan ɗaya yana zagin iyayensu. Mutumin kirki ne ga duk wanda cikinsa ya yi masa biyayya.

Nawa bai yi ba.

Wata damina, ina da shekara goma sha biyar, yayana yana da sha bakwai, ciwo ya kama mu tare. Murɗa, zawo, majina da jini. Baba ya jera mu a gaban randa kamar awaki biyu, ludayi ɗaya safe, ɗaya yamma. Kafin a gama maimai yayana ya miƙe, yana cin tuwo malmala uku. Ni kuwa aka yanke gero ina zubar da jini, aka yanke dawa ina zubarwa. Sau goma a yini, wani lokaci fiye. Wuyana ya zama kamar na zakaran da aka fige.

Baba ya duba mu biyu, ya yi lissafinsa. Uwa ɗaya, uba ɗaya, tukunya ɗaya, ciwo ɗaya, ludayi ɗaya. Ɗaya ya warke, ɗaya bai warke ba. To ina matsalar take? Ba a randa ba dai.

Da farko ya ce zubarwa nake yi a bayan zaure. Sai ya koma ba ni a gaban masu jiran magani, ya riƙe mini haɓa, ya toshe mini hanci har sai na haɗiye, sannan ya ce in buɗe baki a gani. Da hakan bai yi ba, ya ce noma nake gudu. Da aka shiga rani babu noma ciwon yana nan, ya ce karatu nake gudu. Inna, mahaifiyarmu, ta taɓa cewa, "Malam, ko a kai shi Kano?" Ya kalle ta ya ce, "In kai ɗana asibiti saboda ciki? Gobe wa zai taka zauren nan?" Ba ta sake ba har ta koma ga Allah.

Shi ya raɗa mini Sarkin Masai. In na fito da buta zan ratsa ta zaure, sai ya ce wa baƙi, "Ku ba da hanya, sarki zai shiga fada." Su yi dariya, don in mai gida ya yi wasa dole baƙo ya dara. Sunan ya bi ni makaranta, ya bi ni kasuwar Kiru. Akwai masu jikoki yanzu da ba su san sunana na yanka ba.

Ranar da ba zan manta ba ranar gayya ce a gonarsa ta fadama. Samarin gari kusan talatin, da makaɗi, da 'yan mata masu kawo fura. Na kai tsakiyar kunya cikina ya murɗa. Na ajiye fartanya. Baba yana tsaye a bakin gona, ya ce, "Ina za ka?" Na nuna daji. Ya ce, "Ka kai ƙarshen kunyar nan tukuna. Yau za mu ga ƙaryar." Na ce, "Baba, don Allah." Ya ce, "Ɗauki fartanya." Na ɗauka. Ban kai ƙarshen ba. Farin wando ne a jikina. Makaɗin ne ya fara gani, ya tsayar da ganga, shirun ya sa kowa ya juyo.

Bayan wannan ban koma makaranta ba. Rabin 'yan ajinmu suna gonar.

Kwana biyu da faruwar abin, na ji sara a bayan ɗakina. Baba ne da diga, ya tuɓe riga. Bai kira ɗan ƙodago ba, bai kira yayana ba. Kwana uku yana haƙa shi kaɗai har ramin ya shanye tsayinsa, ya rufe da itacen kirya, ya kewaye da zana, ya ajiye sabuwar buta a ƙofa. Masai nawa ni kaɗai, taku biyar daga shimfiɗata. Tafin hannunsa duk ya fashe. Na tsaya ina neman abin da zan ce, sai ya riga ni: "Don ka daina ratsa mini zaure kana kore mini mutane." Shekara talatin ina juya wannan rami a raina. Ban san ko tausayi ba ne ko kora. Ina jin shi ma bai sani ba.

Na girma a haka. Na koyi gyaran injin ban-ruwa, na koma wajen Tiga, don aiki ne da ake yi a bakin gona, daji yana kusa. Ciwon yakan lafa wata uku ya dawo wata biyar. Ban taɓa cin abinci a gidan biki ba. Ban taɓa shiga sahun gaba a masallaci ba. Duk garin da na shiga, kafin in san gidan mai gari na san inda masai yake.

Ina dab da arba'in na faɗi a kan injin wani mai tumatir. Shi ya saka ni a mota zuwa wani babban asibiti a Kano. Aka yi mini ƙarin jini. Aka zura mini wata roba mai ido ta ƙasa, aka tsakuro nama ƙanana daga hanjina aka kai ɗakin gwaji. Likitan ya juyo mini da allon na ga cikina da idona: ja jawur, duk gyambo, kamar bayan jakin da mangala ta cinye. Na fashe da kuka. Ya zaci tsoro ne. Ba tsoro ba ne. Abin da nake cewa a raina shi ne, ashe akwai shi. Ashe ana iya ganin sa.

Likitan ɗan manoma ne, ya iya magana da irinmu. Ya ce ba tsutsa ba ce, ba sammu ba ne, garkuwar jikina ce ta juya tana cin hanjina. Na ba shi labarin yayana. Ya ce, "Wataƙila nasa atunin damina ne, ko ba magani zai tafi. Kai, ko da a ce ciwonku suna ɗaya ne, ba lalle ya zama iri ɗaya ba. Kaura da farafara duk dawa ake ce musu, amma ka taɓa ganin sun nuna rana ɗaya?" Ya ce wannan kumburin hanji, a takarda sunansa ɗaya ko biyu, amma can cikin naman, abin da yake hura wutar a jikin wani daban yake da na wani. Masu bincike suna ta rarrabe shi gida-gida ta hanyar duba ƙwayoyin halittar da ke cikin irin naman da aka tsakuro mini, don wata rana a ba kowa maganin gidansa tun karon farko. "Mu nan ba mu kai can ba tukuna," in ji shi. "Za mu gwada, mu duba jininka, mu sake gwadawa, har mu dace da naka."

Na farko bai yi ba. Na biyu ya sa ni amai. Na uku ya kama. Da zai sallame ni ya riƙe kwalin bai sake ba, ya ce, "Na san halinmu. Kowa ya ji sauƙi sai ya raba wa dangi ragowar. Wannan ba irinsa ba ne. Kwantar da garkuwar jiki yake yi. Ka ba wanda ciwonsa tarin fuka ne na hanji, ko wata ƙwayar cuta, ka buɗe mata ƙofa ke nan. Naka ne kai kaɗai." Na ce na ji.

Wata shida na yi ƙiba har hulata ta matse ni. Na ɗauki hoton hanjina da takardar asibiti na tafi gida. Abu ɗaya nake so a duniya, kuma ba babba ba ne. Baba ya ce, ashe da gaske ne. Ko bai ba ni haƙuri ba. Kalma huɗun nan kawai.

Ya karɓi hoton ya juya shi sama da ƙasa. Ya ce, "Wannan ai kamar kayan cikin akuya." Na yi masa bayanin kaura da farafara. Ya saurara har na gama, abin da bai saba ba. Sai ya ce, "Magani nawa ka ce sun gwada?" Na ce uku. Ya kwashe da dariyar nan tasa. "Masu lalube ke nan! Kai, jiƙona ne da ka sha shekara da shekaru, sai yanzu ya nuna. Wani cikin kamar fako yake, ruwa yakan daɗe bai shige shi ba." Ya miƙa wa yayana hoton ya ce a sa a ƙarƙashin gindin randa, tana girgiɗi.

Bara da kaka ciwo ya kama shi.

Ni na fara ganewa, don ba wanda ya san tafiyar nan kamar ni: gajeren taku, cinya a matse, fuska tana murmushi gumi yana tsattsafowa. Na zo gida na ga sabon sawu a hanyar tsohon masaina, wanda ba mai shiga tun da na tashi. Daga zaure ya fi kusa. Na leƙa na ga jini a bakin ramin. Na duba randa, tana sauka da sauri fiye da yawan masu zuwa. Ludayi uku yake sha, huɗu, a ɓoye. Rigarsa ta fara yi masa yawa.

Wata rana bayan azahar ya aika aka kira ni ɗakinsa. Bai kalle ni ba, yana ta gyara bakin tabarma. Ya ce, "Wannan ƙwayar taka. Kawo 'yan kaɗan in ga abin da suka zuba a ciki."

Na ce, "Gani za ka yi, Baba, ko sha?"

Ya ce, "Kai da ni jini ɗaya ne. Abin da ya yi maka zai yi mini."

Na ce, "Ni da Yaya ma jini ɗaya ne."

Na gaya masa abin da likita ya ce, cewa sai an duba an san irin nasa, cewa ƙwayar tana iya kashe shi. Duk gaskiya ne, kuma ko yau aka sake ba zan ba shi ba. Da na tsaya a nan, da Gwaggo ta yi ta ihunta ina barcina lafiya. Amma ban tsaya ba. Na ce, "Ai kana da magani a zaure. Maganinka ba ya ƙarya, Baba, sai dai mai shan sa. Ko zubarwa kake yi?"

Shekara talatin maganar tana bakina. Na zaci za ta yi zaƙi. Ɗacin maɗaci gare ta.

Ga kuma wanda Gwaggo ba ta sani ba, wanda ya fi nata muni. Na nemo mota don a kai shi Kano. Na san Baba. Na san da na zo da sassafe ta ƙofar baya, na ce za mu dubo wani ɗan'uwa a birni, da ya shiga, mu biyu mu yi ta yi wa juna ƙarya har gadon asibiti. Haka ake yi wa dattijo, kowa ya sani. Ban yi haka ba. Na zo da hantsi, lokacin da zaure ya cika da masu jiran ludayi, na sa direba ya tsaya a ƙofa ya danna oda. Na shiga na ce da ƙarfi, "Baba, taso mu je asibiti a duba cikin nan naka, jinin ya yi yawa."

Zauren ya yi tsit, irin shirun gonar fadama. Mutum goma sha wani abu suna kallon sa, ludayi yana hannunsa. Ya dube ni. Ya gane abin da na yi, na gane ya gane. Ya ɗebo jiƙo ya shanye a gabansu, ya ce, "Ku rabu da Sarkin Masai, asibiti ya taɓa masa kai. Wa ke biye?"

Daga ranar ko sunan Kano aka ambata sai ya juya fuska bango. Na sake kawo mota sau biyu, a ɓoye, yadda ya kamata tun farko. Ya ƙi. Na riga na rufe ƙofar da hannuna. Har ya mutu ba wanda ya san irin ciwonsa. Ko irin nawa ne, ko wani gidan daban, ko ciwon daji, ko abin da allura goma za ta kashe. Mutumin da ya ce ciki ɗaya ne ya tafi ba a san wane ne nasa ba.

Da ya kwanta, jinyar ta dawo kaina. Yayana, ɗan albarka, magajin randa, in ya shiga ɗakin sai ya toshe hanci da hula ya fito. Gwaggo daga ƙofa take sannu. Ni na san yadda ake shimfiɗa leda a ƙarƙashin zani. Na san ruwan ɗumi ake so ba mai zafi ba, na san tsumma mai laushi, na san kunun da ba ya tayar da murɗa, na san yadda ake juya mutum ba tare da an kalli fuskarsa ba don kada kunya ta kashe shi kafin ciwo. Ba wanda ya koya mini. Wata biyu ina wanke Baba. Buta tana yi mini nauyi da hannu ɗaya, sai na ɗauko ludayin daga zaure, da shi nake zuba masa ruwa. Yana gani.

Ana jibi zai rasu, da la'asar, murɗa ta kama shi sosai. Ya damƙe hannuna har farcensa ya shiga. Da ta sake shi ya daɗe yana numfashi, sannan ya buɗe ido, tangaran, hankalinsa duk yana nan.

Ya ce, "Haka yake ci?"

Na ce, "Haka, Baba."

"Kullum?"

"Wata rana ya fi haka."

"Shekara nawa ka yi?"

"Ashirin da biyar kafin Kano."

Ya yi ta kallon rufin ɗaki. Leɓensa yana motsi kamar mai ƙirga. Na ajiye ludayin. Na matso da kunnena, ni ƙato mai furfura a gemu. Na ce a raina, ga ta nan, za ta fito.

Ya ce, "To, kai ai ka saba."

Ya juya ya yi barci. Bai sake magana mai ma'ana ba sai kalmar shahada, wadda na laƙƙana masa da bakina, kuma ya amsa, alhamdu lillahi.

Ranar sadakar uku yayana ya wanke randa ya zuba sabon sassaƙe. Tun kafin a naɗe tabarmi wasu daga cikin masu gaisuwa sun fara tambaya ko za a ci gaba. Ya ce gado ai ba ya mutuwa. Ya shiga neman ludayi. Ya duba zaure, ya duba ɗakin Baba, ya zazzage buhunan saiwa. Jiya ya tare ni a ƙofar gida.

"Kai ka riƙe shi da jinya. Ina ludayin kakanmu?"

Na ce ya sayi moɗa a kasuwar Kiru, duk ɗaya ne, ai ciki ɗaya ne.

Ba zai same shi ba, kuma na rubuta a nan don ya daina wahalar da matan gida. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na zagaya bayan tsohon ɗakina, na ɗaga zanar, na sake shi a ramin da Baba ya haƙa mini da hannunsa. Rami ne mai zurfi. Baba ba ya aikin wasa.

Ku da kuka sha kuka warke, ku yi masa addu'a, kuna da dalili. Ni ma ina yi, ko da yake tawa ba ta fita da sauƙi. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa gonar fadama, ya gafarta mini odar mota. Ya Ubangiji, kai da ka san cikin kowane bawa da irin abin da yake ci masa, ka duba nasa shi kaɗai, ka ba shi rahamar da ta dace da shi. Kada ka auna masa da ludayinsa.